Ranar da Na Sa Aka Gode wa Yayata

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da saba'in ina aikin magatakarda a wata kotu a Kalgo, iyalina kuwa suna gidanmu na gado a Gwandu. Aikina shi ne in zauna ƙasa da kujerar alƙali in rubuta abin da mai ƙara ya ce, da abin da wanda ake ƙara ya amsa, da abin da shaidu suka rantse a kai, ba ƙari ba ragi. Na yi alfahari da wannan aiki, har yau kuma ban daina ba. Mutum yana iya sauya maganarsa bayan shekara, amma idan aka buɗe rajistata za a tarar da ita yadda ta fito daga bakinsa. Ɗaki ɗaya na kama haya a bayan kasuwa, da gado da teburi da akwatin littattafai. Ranar Asabar idan an tashi aiki sai in hau babur in nufi Gwandu, in koma da sassafen Litinin. Sauran kwanakin mako ni kaɗai nake cin abinci.

Matata ta rasu kwana goma sha biyu bayan ta haifi 'yarmu ta biyu. Babbar tana da shekara huɗu a lokacin. Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Masama a gidan da mijinta ya mutu ya bar mata. Ta zo zaman makoki da ƙullin kayan kwana bakwai. Da jama'a suka watse ta ɗauki jaririyar ta goya, ta nemo mai shayarwa a maƙwabta, ta ce za ta jira a yi arba'in. Aka yi arba'in ba ta yi zancen tafiya ba, ni ma ban tambaya ba. Haka aka ci shekara biyar. Yaran suna kiranta Inna. Babbar ta san gaskiya, domin tana tuna mahaifiyarta kaɗan-kaɗan. Ƙaramar kuwa ba ta san wata uwa ba, kuma babu wanda ya ga dalilin gaya mata. Ni yayata ba ta kiran sunana. Tun ranar da na fara aiki take ce mini Akawu, rabi girmamawa rabi tsokana.

Abin da ya tayar da ni ya zo ne cikin mako guda. Ranar Laraba aka gurfanar da wani tsoho da wani saurayi a kan iyakar gona. Tsohon ƙanin mahaifin saurayin ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya har ya yi masa aure. Da gardama ta yi zafi sai tsohon ya ce, "A kafaɗata fa ka girma." Saurayin bai ko dube shi ba, ya ce, "Ni na ce ka riƙe ni?" Alƙali ya tsawatar masa, amma magana ta riga ta fito, kuma aikina ne in rubuta ta. Na rubuta.

Ranar Asabar na shiga gida na tarar da ƙaramar tana birgima a tsakar gida. Yayata ta dama mata fura, ita kuwa ta ture ƙwaryar da ƙafa, furar ta malale a ƙasa, ta tashi ta dunƙule hannu tana dukan cinyar yayata tana cewa ba ta son wannan, mai tsami ce. Yayata dariya kawai take yi.

"To, sarauniya, a dama miki wata ko a jira ki huce?" Ta jawo ta ta share mata majina da bakin zanenta.

Na ce, "Yaya, haka kike barinta?"

"Yunwa ce da barci, Akawu. Shiga ka sha ruwa, ka sha hanya."

Na shiga, amma ban huce ba. A fuskar yarinya 'yar shekara biyar na ga fuskar saurayin nan na kotu. Na ce a raina, haka yake farawa: a ba yaro ya ture, a sake ba shi, har ya girma yana ganin alheri hakkinsa ne da aka biya shi a makare. Akwai kuma wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Mahaifiyarmu ta rasu ina kwaleji a Sakkwato, labarin ya iske ni bayan an binne ta, kuma duk iya tunawata ban taɓa buɗe baki na ce mata na gode ba. Na ƙudura cewa 'ya'yana ba za su ɗauki irin wannan nauyi ba, kuma yayata ba za ta mutu ba a faɗi abin da ta yi ba.

Na san hanya ɗaya ce ta tabbatar da gaskiya, ita na bi. Asabar ta gaba na ratse ta Masama kafin in isa gida. Shekara biyar rabona da garin. Dangar gidanta ta kwanta, rufin ɗaki biyu ya rufta, ɗaya ne kaɗai yake tsaye. Lambun albasarta da ke bakin fadama wani ne yake nomawa. Awakinta, waɗanda nake tunawa sun cika turke, ta rarraba su kiwo sun ƙare a hannun mutane. Na zauna da wata tsohuwa maƙwabciyarta na yi mata tambayoyi kamar yadda ake yi wa shaida, ina rubutawa a ɗan littafin aljihuna. Daga bakinta na ji abin da ban sani ba: cewa shekara biyu da suka wuce wani dattijo mai mutunci ya aika neman auren yayata har sau biyu, ta mayar da amsa cewa tana da yara ƙanana. Tsohuwar ta kuma nuna mini wajen maƙabarta da haɓarta, ta ce, "Nata uku suna can, ka sani ai. Babu wanda ya kai yaye." Na sani, amma ban taɓa haɗa shi da komai ba. Da zan tashi ta dubi littafin ta ce, "Malam, wanga rubutu na mi ne? Ni dai kada ka ce ni na faɗa."

A ɗakina na Kalgo, kullum bayan la'asar, na riƙa tsara abin a farar takarda mai layi. Na rubuta na goge, na sake rubutawa, domin ina son kowace jimla ta zama gajera yadda yaro zai haddace, kuma kada a sami ko kalma ɗaya da ba zan iya rantsuwa a kanta ba. Abu tara na fitar. Ta bar gidanta. Ta bar lambunta. Ta rabu da dabbobinta. Ta goya ƙaramar har ta yi tafiya. Ta yi jinyar babbar lokacin ƙyanda ba ta runtsa ba. Da sauransu, har zuwa biyun ƙarshe, na auren da ta ƙi da na 'ya'yanta da ta binne. A kan biyun nan na yi jinkiri kwana biyu. Daga baya na ga cewa su ne mafi nauyi, kuma shaidar da aka cire mata mafi nauyinta ha'inci ce. Na bar su a cikin takardar. Ban tuna wani lokaci a zaman Kalgo da na ji ɗakin ya yi mini daɗi kamar makonnin nan ba, domin ina da abin yi wanda ya shafi gidana.

Ranar Lahadi da hantsi nakan kira yaran zaure in ce zan duba karatunsu. A Lahadin farko babbar, mai shekara tara, ta karanta takardar da kanta har ƙasa, ta ɗago kai.

"Baba, Inna ta san da wannan?"

"Ba ta sani ba. Ranar Sallah za ta ji."

"Ba za ta so ba."

"Wanda ya yi alheri ba ya neman a faɗa. Shi ya sa ya zama wajibi a kanmu mu faɗa."

Ta sunkuyar da kai. Yarinya ce mai biyayya. Ƙaramar kuwa aikinta shi ne amshi: duk jimlar da yayarta ta faɗa, ita sai ta ce, "Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka." Ta maimaita sau biyu cikin jin daɗi kamar waƙa, sannan ta tsaya.

"Baba, wace ce Gwaggo?"

Na san tambayar za ta zo, na kuma shirya mata. Na zaunar da ita a gabana na gaya mata cewa wadda take kira Inna yayata ce, gwaggonta ce, kuma mahaifiyar da ta haife ta Allah ya karɓi abinsa tun tana jaririya.

"Inna ba ta mutu ba," in ji ta. "Ga ta can tana daka."

Muna jin sautin turmin daga zauren.

Na sake yi mata bayani a hankali. Na ce wannan da ke daka ba dole ba ne a kanta ta zauna da mu, tana da gidanta, ta bari ne saboda su, kuma duk wahalar da suke ba ta tana ɗauka ne don alheri. Na ce shi ya sa ba a ture mata ƙwarya, shi ya sa ake gode mata. Yarinyar ta dube ni ta daɗe, ta dubi takardar da ke hannuna, ta ce, "Duk an rubuta a nan?" Na ce duk an rubuta. Na ja musu kunne kada su faɗa kafin ranar. Suka riƙe amanar mako uku, abin da ya ba ni mamaki a kan ƙaramar.

Washegarin Babbar Sallah mata dangi suka cika tsakar gidanmu, wasu daga cikin gari, wasu daga ƙauyuka, ana gaisawa ana rabon nama. Na yi sallama daga ƙofar zaure na nemi a ba ni aron kunne. Yaran suka fito cikin sababbin kayansu suka tsaya a gaban yayata, wadda ke zaune a kujera 'yar tsugunne da faranti a cinyarta. Da babbar ta fara, matan suka yi murmushi, wata ta ce, "Kai, 'yan boko." A jimla ta uku murmushin ya ragu. Muryar ƙaramar tana fita tsaf bayan kowace jimla, Gwaggo, Gwaggo, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da aka kai kan dattijon da ya nemi aure, wata 'yar baffanmu ta rufe baki da mayafi. Da babbar ta ce, "Ta haifi uku ba wanda ya rayu, ta mayar da mu nata," ƙaramar ta amsa yadda aka koya mata.

Hannun yayata bai daina aiki ba, tana ɗibar nama tana sawa a kwanuka. Da ta gama kwanon da ke gabanta ta ɗago ta ce, "An gode, Akawu. Yara sun iya karatu." Ta miƙa wa wata farantin, ta shiga ɗaki. Ba a jima ba baƙin suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, tun rana ba ta yi sanyi ba.

Bayan la'asar na same ta a madafa tana suyar sauran naman. Na tsaya a bakin ƙofa. Ba ta juyo ba.

"Yaushe kake son in tafi?" in ji ta.

"Ki tafi ina, Yaya?"

"Ai ka sallame ni. Gaban mutane kuwa, da shaidu, yadda kuke yi can wurin aikinku."

"Girmama ki na yi."

"Akawu, ka yi karatu amma ba ka zauna gida ba. Mu nan ba a jera ma mutum alherinsa sai ranar da aka ɗauki gawarsa, ko ranar da aikinsa ya ƙare za a ba shi kayansa ya koma garinsu. Ni ban mutu ba."

Na ce mata addini ya umarce mu da gode wa mutane, kuma na ga abin da rashin godiya yake haifarwa da idona, na ba ta labarin saurayin kotu. Ta saurara tana juya nama.

"Shi wancan yaro, don ba a karanta masa takarda ba ne ya lalace?" Ta tsame naman ta zuba wani. "Kai ka taɓa ce ma Innarmu ka gode da ta ba ka nono?"

"Ban taɓa ba. Abin da ke cina ke nan har yau."

"Kai yake ci. Ita bai dame ta ba. Duk hutu kana zuwa da goro a aljihu, kana gyara mata danga ba ta sa ka ba. Ta gani. Ta mutu tana sa maka albarka, ni ina wurin." Ta gyara itacen murhu. "Ɗiyan nan da ka bar su, wata rana in na tsufa su za su ɗebo mini ruwa, ba wanda zai ce komai. Yanzu ka gaya ma ƙaramar ni baƙuwa ce mai kirki. Kuma 'ya'yana da ke ƙasa, wa ya ba ka su ka sa a bakin yara?"

Na juya na fita. Amma na koma Kalgo ina ganin fushi ne na kwana biyu, irin na mai kunya da aka yaba a bainar jama'a, kuma amfanin abin zai fito a kan yaran.

A makonnin farko na ɗauka ya fito. Ƙaramar ta daina birgima. Idan aka miƙa mata abinci sai ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Gwaggo." Ta daina hawa bayan yayata idan tana wanke-wanke. Ta ɗauke 'yar tabarmarta ta koma kusa da yayarta. Na lura da duk wannan na yi murna, har na rubuta a littafin aljihuna cewa tarbiyya ta kama. Abin da ban rubuta ba shi ne gidan ya yi tsit. Da can tun daga zaure nake jin rigimarsu, ƙaramar tana kuka yayata tana zolayarta. Yanzu sai in tarar kowa a wurinsa kamar ɗakin jira. Yayata ta rame. Ta ci gaba da yin komai yadda ta saba, ta daina dai tsokanata. Babbar ce ta gaya mini cewa matan unguwa sun koma gaida yayata da sannu da ƙoƙari, wasu suna tambayarta ko dattijon nan yana nan da ransa, yaran layi kuma idan sun ga ƙaramar sai su bi ta suna rera amshin nan.

Wata Asabar cikin damina na iso na tarar da yayata zaune a zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta bari na jingine babur na zauna.

"Ɗiyarka tana ciki, ƙafa a ɗaure. Jiya na goya ta zuwa ɗakin shan magani, malamin ya tsaga ya fid da ƙaya, ya yi mata allura. Ya ce da an ƙara kwana biyu da sai babban asibiti."

Na tambaya yaushe ta taka.

"Kwana biyar tana yawo da ita. Tana taka gefen ƙafa in ina kallo, in na juya ta ɗingisa. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita na ga tafin ya kumbura ya yi ruwa." Ta dube ni ido cikin ido. "Yarinyar da in ƙuda ya sauka mata sai unguwa ta ji. Na ce mata, don mi ba ki gaya mini ba? Ka san abin da ta ce? Ta ce ba ta son ta ƙara mini wahala. Ta ce, Gwaggo kada ki gaya ma Baba, zai ƙara a takarda."

Na shiga na duba ta. Tana kwance, ƙafar naɗe da farin ƙyalle. Da ta gan ni ta yi yunƙurin tashi ta durƙusa, na hana ta. Na tambaye ta ko yana zafi, ta ce a'a. Goshinta kuwa jiƙe yake da gumi.

Da na komo zaure yayata ta ce, "Ka ba ni ita. In ƙafar ta warke zan koma Masama."

"Gidan ya rushe, Yaya."

"Na sani. Ai ka je ka gani, ka rubuta. Ɗaki ɗaya yana tsaye, ya ishe mu."

"Me zai hana ku zauna nan? Ni zan yi mata magana, in gyara abin da na ɓata."

"Da wace magana? Ka ce mata ƙarya ka yi? Ba ƙarya ka yi ba, kuma ba ka iya ta. Nan duk inda ta juya akwai wanda ya ji da kunnensa. Can babu. Wataƙila in ta ga ina cikin gidana, ina noman lambuna, ba abin da na bari saboda ita, ta saki jiki. Wataƙila kuma ba ta saki ba. Ban sani ba, Akawu. Amma nan ina kallonta tana yi mini ladabi kamar 'yar maƙwabta, ba ni iyawa."

Na tambayi makomar babbar. Ta ce ta riga ta yi magana da matar baffanmu da ke gida na gaba, za ta riƙe ta saboda makaranta. "Ita ta san ni tun kafin takarda, ba abin da ya sauya mata."

Na fi kowa sanin abin da shari'a ta ba uba a kan 'yarsa, na rubuta hukunci irin wannan ba sau ɗaya ba. Da na ce a'a, babu mai ja da ni, yayata ma ba za ta ja ba. Na zauna ina kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo, na auna abin ta kowace fuska kamar yadda na ga alƙalai suna yi, ban sami hujja ko ɗaya a ɓangarena ba sai cewa ba na son gidan ya zama kango. Wannan kuwa buƙatata ce, ba ta yarinyar ba. Na ce na amince. Na nemi masu gini suka gyara mata rufi da danga, na yi magana da mai noman lambun ya sakar mata bayan ya cire amfaninsa. Da ƙafar ta warke na sa su a mota da kaina. Na kulle gidan Gwandu na ba matar baffanmu mabuɗin.

Takardar tana nan a akwatina, domin ba na yaga takarda. Na sake karanta ta sau da yawa cikin shekarun nan ina neman kuskure, ban samu ba. Duk abin da ke ciki ya faru. Har yau kuma ban yarda cewa daidai ne mace ta ƙarar da ƙarfinta a kan 'ya'yan wani a wuce ba a ce komai ba, kuma ina jin haushin yadda muka mayar da shirun nan ado. Abin da na gane a makare shi ne yarinya 'yar shekara biyar ba ta da inda za ta ajiye irin wannan sani. Na ɗora mata shi tun ba ta da ƙarfin rama alheri, sai ta rama da abin da take da shi kaɗai, wato ta daina neman komai.

Bayan an yi girbi na nemi izini a wurin aiki na kai musu ziyarar farko. Na tafi da alewa da takalman roba. Na tarar da gidan a share, an ɗaure 'yar akuya a turke, yayata ta ɗan yi ƙiba. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar ɗaki, ta leƙa bayan danga ta ce, "Ke, taho ga Babanki." Yarinyar ta fito da ƙasa a gwiwoyinta, ta yi baƙi ta ƙara tsawo. Ta tsaya nesa kaɗan, ta durƙusa ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi lafiyar yayarta. Na miƙa mata kayan, ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Baba, Allah ya saka." Na buɗe hannu in jawo ta, ta matso ta bari na dafa kanta, sannan ta nemi izini ta koma wurin wasa.

Abu ɗaya na zo ji. Na zauna tun hantsi har la'asar ina kasa kunne in ji da wane suna za ta kira yayata. Ta shigo ta sha ruwa, ta fita. Ta kawo mini abinci, ta kwashe kwanuka. Sau ɗaya ta zo ta raɗa wa yayata wani abu a kunne, yayata ta ture ta da gwiwar hannu tana murmushi, amma ban ji abin da ta ce ba. Duk tsawon yinin, muddin ina wurin, ba ta kira ta da kowane suna ba. Na so in tambayi yayata, kalmomin sun zo har bakina, sai na ga ba ni da hurumin wannan tambaya. Ita ma ba ta ce komai a kai ba. Zancen albasa ta yi mini, da tsadar iri, da wanda ya mutu da wanda ya haihu a garin.

Da na yi sallar la'asar na ce zan kama hanya. Suka rako ni bakin danga, yarinyar tana riƙe da takalman a hannu ba ta sa ba. Yayata ta ce, "Ka riƙa cin abinci, Akawu, wuyanka ya fito." Na ce to. A mararraba na tsaya na ɗan yi tunani, domin Asabar ce, kuma hanyar Gwandu ce na saba bi. Babbar tana wurin matar baffanmu, na gan ta makon da ya wuce, gidanmu kuwa a kulle yake. Na juya babur na nufi Kalgo.